Girkin Sherifatu da Kunyar Wurno

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. In na tafi barka a tambaye ni, in na tafi gaisuwa a matso kusa da ni a ce, "Inna Ige, wai kin ga teku? Wai mi suke ci can?" Na ba da labarin ga har muryata ta dushe, kuma duk wadda ta kai shi gaba sai ta ƙara nata. Shi ya sa na kira Malama Luba, ɗiyar ƙanwata da ke koyarwa a Islamiyya, na ce ta zo da takarda da alƙalami. Ni ban yi boko ba, karatuna iyakarsa abin salla. Ina faɗi tana rubutawa, wadda ke so a karanta mata.

Kun san ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Malam, Allah shi jiƙan shi, ya bar ni ana cikin cirar albasa, bayan shekara arba'in da wani abu muna tare. Har yau in na ji tarin namiji a zaure sai gabana ya faɗi. Luba, ki yi haƙuri da ni, in na yi shiru ki jira.

Ɗanmu na fari, wanda nike ce ma Magaji, shi ne ke Kwatano. Da anka gama madatsar ruwa ta Goronyo, ruwa ya riƙa zo mana cikin rani, Malam ya kama noman albasa da tafarnuwa da ɗan alkama. Magaji ya fara bin motocin albasa zuwa ƙasar Benin, yau ya tafi gobe ya dawo, har ya zamna can. Nan ya auri wata Bayarabiyar bakin teku, Musulma, sunanta Sherifatu. Malam bai yi baki ba, bai yi faɗa ba, amma bai aika kowa wurin ɗaurin auren ba, kuma kun san irin wanga shiru ya fi faɗa ciwo. Shekara takwas Magaji na zuwa gida shi kaɗai. Ɗiya uku anka haifa, ba mu ga ko ɗaya ba.

Ciwon ajali ya yi kwana tara. Ran na bakwai Malam ya ce min, "Ke, na yi kuskure kan yaron nan. In na tashi mu tafi mu ɗauko su. In ban tashi ba, ki tafi ke." Bai tashi ba. Magaji ya zo gaisuwa, nan ma shi kaɗai.

To abin da ya kai ni ke nan: in sa matar ga ta yarda ta tako gidanmu da ɗiyanta. Na san in na kasa, ranar da anka rufe ni Magaji ba shi da sauran abin da zai kawo shi Wurno, jikokin Malam kuwa sun zama mutanen wata ƙasa har abada. Ina fita takaba na aika garin Rabah anka kira min ƙanena Garba, wanda shi ma fataucin albasa yake yi, na ce motar da za ta tashi gaba da ni za ta tashi.

A Goronyo anka yi lodi. Direban wani Mamman ne mutumin Shinaka, mai surutu awa rediyo. Hawa motar ma aiki ne, sai da anka kawo turmi anka kifa na taka. Ina neman abin riƙewa na cafki wani ƙarfe, Mamman ya yi kururuwa, "Inna, ba nan ba! Giyar mota ce, yanzu ki kai mu kasuwa da baya!" Anka zamnar da ni tsakaninsa da Garba. Na ɗauki guzurina, dakuwa da ƙuli-ƙuli, da tsarabar garin dawa da kuka da daudawa. Kwana uku warin albasa na bina har cikin salla.

Munka wuce Sakkwato da Birnin Kebbi, munka kwana Kamba. Da safe munka shiga iyakar Nijar ta wajen Gaya. Wani ma'aikaci mai kaki ya ce in sauko da kayana. Ya tambayi shekaruna, na ce ban ƙirga ba, amma na girmi uwarsa. Ya yi dariya ya ce a kwance ƙunshin. Yana ɗaga murfin gwangwanin daudawa ya ja da baya yana toshe hanci.

"Tsohuwa, wanga makami ne?"

"Makamin miya ne," in ji ni. "Kai da mi anka yaye ka?"

Ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya ya ce uwarsa mutuniyar Dogon Dutsi ce, ta daɗe tana neman irin wagga. Na ɓantara mishi biyu don kaina, shi ya ɗaure min ƙunshin da hannunsa.

Munka hau gadar Kwara. Mamman ya ce gulbinmu na Rima can gaba yake faɗa ma wanga ruwa. Ƙetaren gadar shi ne Malanbil, ƙasar Benin, nan munka karya kumallo wurin mai shayi. Ya miƙo min burodi dogo awa ƙaramar taɓarya, bayansa da tauri. Na ƙwanƙwasa shi bisa benci na ce ma Garba ya mayar, na shekaranjiya ne. Mai shayin ya kama ciki da dariya, ya ce yanzu anka fiddo shi daga wuta, haka ake son shi. Ya nuna min a tsoma cikin ruwan kofi da madara mai kauri, wanda suke zubawa a kwano ba a kofi ba. Da ya jiƙa na ga gaskiyarsa.

A Faraku munka sauka gidan wani fatoma, mai saukar da 'yan albasa. Matarsa ta tarbe ni ta durƙusa, ni ma na durƙusa, ta shiga gaisuwa da harshensu tana "mm, mm", ina amsawa da "lafiya lau", ba mai jin wani, har gwiwata ta gaji. Ta kawo sakwara da miyar gyaɗa, da wasu jajayen yanka cikin miyar. Na zaci hanta ce. Na ciza na ji nono. Ashe cukun Fulanin can ne, da karan dafi suke rina shi. Na cinye tas, har ta ƙaro. Ku riƙe wanga, don ku san ni ba mai tsoron baƙon abinci ba ce. Can ba gidan surukai ba ne.

Gaba da Faraku taya ta fashe mana, munka yi rabin wuni gindin wani icce, mata masu tallar gari da abarba sunka kewaye mu. Wata ta fere min abarba da wuƙa har ba ta taɓa ta da hannu ba. Sai la'asar ta washegari munka shiga Kwatano. Babura awa tururuwa, masu haya duk da riga ruwan ɗorawa, mata ma na tuƙa nasu da goyo a baya. Tekun na gan shi daga baya, ruwa ne ba ƙetare, yana ta faɗa da kansa. Garba ya kai ni gidan Magaji ya wuce masaukin 'yan albasa.

Sherifatu ta fito ta zube gwiwa biyu ƙasa, ta ce, "Sannu da zuwa, Mama." Iyakar Hausarta ke nan, da "na gode". Doguwa ce, baƙa, mai fara'a, hannunta duk tabon wuta da mai. Wallahi tun nan ta shiga raina. Amma na kau da kai na amsa a taƙaice, yadda ya kamata. Sai anka turo yaran. Babbar sunana anka sa mata. Na tsakiyan, namiji, goshin Malam ne da kunnuwansa anka ɗauko anka liƙa mishi. Na riƙe shi na yi kuka har na ba yaron tsoro.

Bayan magariba Magaji ya tsaya bakin ƙofa ya ce abinci na bisa tebur. Na leƙa. Tebur da farin ƙyalle, faranti-faranti, cokula kowa da nasa har uku, kujeru an jera, an bar min ta kai. Wato in zamna ɗan fari na gabana, matarsa na gefena, in buɗe baki in tauna suna kallo. Ku kun san wanga ba ya yiwuwa. Ni da ko sunansa ban taɓa kira ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba tun yana goye. Na ce a kai min ɗaki.

Sherifatu ta shigo da tire ta aje. Kwano guda, miya ce ruwa-ruwa, ja-ja, albasa zalla an soya ta har ta narke, an ɗora yankan burodi bisa da wani abu mai yauƙi awa danƙo. Ƙamshin ya cika ɗakin. Na wanke hannu na zamna ina jiran tuwo. Na jira, na jira, miya ta huce. Can ta dawo, ta dubi kwanon ta dube ni, ta ɗauke shi. Na ce a raina, to, ta ga tuwon ya yi jinkiri za ta ɗumama. Sai ga ta da kaza da dankalin Turawa, miya kuwa ban sake ganinta ba. Daga baya na ji haka Faransawa ke yi, miya ita kaɗai ake fara sha da cokali. Miya ba tuwo, jama'a, awa zane ba mutum ciki.

Kazar na ci gefe guda, na gyara inda na ci, na rufe, na bar fiye da rabi. Ba haka anka koya mana ba? Baƙo ba ya cinye kwano, balle uwar miji a gidan ɗanta, sai a ce yunwa ta koro ta. Sannan ta kawo wani abin zaƙi, ƙwai da madara da ƙonannen sukari, yana rawa bisa faranti shi kaɗai awa mai jin sanyi. Na ɗanɗana cokali biyu. Ban taɓa sa abu mai daɗinsa a baki ba. Na danne zuciyata na ture. Ta zo kwasar kaya ta tsaya tana duban fuskata. Na ce, "An gode." Mi zan ƙara? In yi santi gaban surukata?

Abin da ban sani ba, kafin ta yi aure kuku ce. Ta yi aiki gidan Faransawa, da gidan Kwarori, da na wasu 'yan Senegal, da na Indiyawa, kowane gida ta kwashe girkinsu ta fito da shi a kai. Duk unguwar in ana biki ita ake nema. Da ta ga na Faransawa bai shige ni ba, sai ta canza ƙasa.

Washegari ta yi shinkafar Senegal, ja wur, da kifi an tsaga shi an cusa ganye da tafarnuwa, ga kabeji ga rogo ga gauta an jera bisa. Ta haɗo da ruwan kwalba, na 'ya'yan kuka, da madara, irin namu ne sak sai dai ya fi kauri da sanyi. Na ci kaɗan na rufe. Rana ta uku anka koma ƙasar Kwarori: nama an niƙa da ɓarzajjen alkama an dunƙula awa ƙwai an soya, da wani wake fari an markaɗa da riɗi da lemun tsami ana dangwala da gurasa. Alkama kuwa ni na san ta, na sheƙe ta da hannuna shekara da shekaru, ban taɓa sanin tana shiga nama ba. Shida anka kawo, na ci biyu, ina kallon huɗun nan ana fita da su awa ana fita da ɗiyana.

Kullum da safe Magaji kan tsaya bayan labule.

"Inna, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau."

Sai ya yi gyaran murya. "Abincin dai...?"

"Alhamdu lillahi."

Sai in ji takunsa ya tafi. Shi ne kaɗai mai jin harshena da nata a gidan, kuma shi ne wanda ba ni iya zance da shi, shi ma ba shi iyawa da ni.

Gaskiya yunwa na ci na. Tsakanin abinci sai in jawo jakata in ɗan tauna ƙuli-ƙuli da dakuwa. Rana ta huɗu ta yi na Indiyawa, kaza cikin miya mai kurkum da yaji, da waina faffaɗa marar tsami. Na yi yadda na saba na rufe. Ba a jima ba ta turo ƙofa da kofin zoɓo mai abarba da na'ana'a, ta iske ni bakina cike da ƙuli-ƙuli, ga tirenta gefe. Ta tsaya. Ta dubi jakar. Sai ta ɗaga kofin ta kurɓa a gabana, ta haɗiye ina gani, sannan ta aje min ta fita. Na ce a raina, ikon Allah, su nan sai an sha ake ba babba saura. Har na ɗan ji haushi. Rana ta biyar haka ta yi da kowane kwano, ta ɗiba ta ci a gabana sannan ta aje. Fara'ar nan duk ta tafi. Na ce ko sun yi faɗa da mijin ne.

Rana ta shida da azahar sai ga tuwon dawa da miyar kuka. Na ce madalla. Kwana biyar ina fama, hannuna ya riga hankalina, ban farga ba sai da na ga gindin kwano.

La'asar na yi na ji sallama da muryar gida. Wata mace ce gajera mai jiki, da tsagen Adarawa, ta shigo ba ta jira izini ba ta zamna bakin gado.

"Ke ce tsohuwar Wurno da ta gagari kukun unguwa? Ni ce Hajiya Ta-Ƙonni, ni ka tuwon saidawa a Zango. Tuwon da kinka lashe ɗazu nawa ne."

Na ce ai na zaci surukata ta yi.

"Surukarki ta zo wurina da kwano tana kuka. Shekara goma na san yarinyar ga, ban taɓa ganin ta sayi abincin wani ba. Na ce sai na zo na ga wanga baki da ya ƙi girkin Sherifatu ya cinye nawa. Ni kaina na san kukar bara ce."

"Wa ya ce na ƙi? Ina ci mana. Ragewa dai nike yi."

"Don mi?"

"Ke ba Bahausa ba ce? Gidan ɗana ne, ɗan fari."

Ta tafa hannu ta yi salati. "Kunya! Wallahi na ce ma raina kunya ce, amma ban zaci akwai sauran masu irin wagga ba. Yaya, nan ba Wurno ba ne. Nan in an ba ka abinci, kwano wayam shi ne godiya. Ka ci gaban mai girki, ka yaba, ka nemi ƙari. In ka rage, ko dai bai yi daɗi ba, ko kana tsoron abin da anka sa ciki. Ke kin ƙi teburinta, kin ƙi miyarta, ta iske ki kina cin guzurinki a ɓoye. Mi kike so ta ɗauka? Ba ki ga tana ci gabanki kafin ta ba ki ba?"

"Na zaci al'adarsu ce."

"Al'adar wa? Nuna miki take ba ta sa miki sammu ba!"

Na dafe kai. Hajiya ta ci gaba.

"Yau ta gwada ki da tuwon da ba hannunta ba, kin share. Ta gaya ma mijinta ba ta zuwa Wurno, ba ta kai ɗiyanta inda ake mata kallon mai sammu. Ta ce uban ya mutu bai so ta ba, uwar ta zo ta tabbatar."

Luba, dakata kaɗan.

To. Wanga magana ta ƙarshe ita ta tashe ni. Malam na kwance cikin kabari da nadamarsa, ya ba ni saƙo guda, ni kuma na zo na ƙara mishi laifi da ladabina. Na ɗauki mayafi na ce ma Hajiya ta biyo ni, bakinta nike so.

Ɗakin girkin ƙarami ne, murhun gas da tukwane rataye. Sherifatu na tsaye ta ba mu baya, tana juya abincin gidan. Kaza ce anka jiƙa da lemun tsami anka gasa, sannan anka nutsa ta cikin albasa, albasa mai yawa, awa rabin buhu. Na dubi ɓawon da ke cikin kwando, ja mai duhu, na san ta gidanmu ce. Na zamna ƙasa bakin ƙofa na miƙe ƙafa.

Ta juyo ta firgita, ta rugo da kujera. Na ce ma Hajiya, "Ce mata ta bar kujera. Ta zubo min wanga da take dafawa, nan, gabanta. Kuma kar ta ɗanɗana min."

Hajiya ta juya mata da harshensu. Sherifatu ta yi tsaye da ludayi a hannu. Sai ga Magaji ya dawo daga kasuwa, ya gan ni zaune ƙasa, ya juya zai fita da sauri.

Na ce, "Dawo. Zamna."

Tun da na haife shi ban taɓa ce mishi haka ba. Ya zamna can nesa awa wanda anka kama da sata. Na ce a zuba tire guda, babba. Anka zuba farar shinkafa, anka kwarara albasar nan da kazar bisa. Na ce da Hajiya da Sherifatu da shi duk su sa hannu. Na yi bisimilla na kai loma, idona cikin nata.

Jama'a, ni da na yi shekara arba'in ina yankan albasa, ina shanya ta, ina kwana da warinta, ban san ta ba sai ran nan. Ga zaƙi ga tsami ga ɗan yaji can baya. Na ce, "Wayyo ni! Ashe haka albasa take? Ashe mu wahalarta kaɗai muke sha, daɗin na nan?"

"Santi, tsohuwa!" in ji Hajiya.

"Na yi ɗin. Juya mata, kar ki rage ko kalma."

Na ci, ina ci ina faɗi. Na ce a gaya mata kifin nan na ranar biyu, abin da ta cusa cikinsa har mafarkinsa na yi. Dunƙulen naman nan huɗu da ta fita da su, har yau ina bin ta bashin kallo. Na ce abin nan mai rawa bisa faranti, in ba ta sake yi min ba ban yafe ba, na kwaikwayi rawarsa da kafaɗa. Sherifatu ta fashe da dariya hawaye na zuba. Na ce miyar farko kuwa tuwo nike jira. Nan Magaji ma ya kasa riƙewa, ya tusa kai cikin gwiwa kafaɗunsa na motsi. Na share gabana tas, na miƙa hannu gabanta na jawo cinyar kaza, na ce a ƙaro shinkafa.

Da na wanke hannu na juya na dubi Magaji, ido da ido. Na faɗa mishi abin da ubansa ya ce ran bakwai ga ciwonsa, kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce, "Wanga kai za ka juya mata, ba Hajiya ba." Ya fara, muryarsa ta karye, ya sake farawa. Mu duka huɗu munka yi kuka nan bisa siminti, tukunya na tafasa ba mai kula ta.

Sherifatu ta share fuska da bakin zane. Sai ta yi ma Hajiya wata tambaya.

"Wai a Wurno duka haka kuke ragewa, ko ke kaɗai ce?"

Na ce, "Duka. Akwai ma waɗanda sunka fi ni."

Ta sake magana, Hajiya ta kwashe da dariya har tana dukan cinya.

"Ta ce to in ta zo sai ta riƙa dafa kaɗan."

Na ƙara sati biyu. Teburin dai ban hau ba, su sunka sauko tabarma. Da hantsi muna ɗakin girki ni da ita, ba Hajiya ba Magaji, da hannu da ido muke zance. Ta koya min kazar albasa, da shayin Indiyawa mai citta da kanumfari da ake dafawa cikin madara, da abin nan mai rawa, wanda ashe bisa tururi ake yin shi, ko a murhun icce zai yiwu. Ni na koya mata tuƙin tuwo da yadda ake kaɗa kuka ba gudaji. Da ta buɗe gwangwanin daudawa ba ta ja da baya ba, ta sunsuna ta gyaɗa kai, ta ɗauko tasu ta nuna min, ɗanya ce ba a daka ba. Dawowa motar fasinja munka shiga da Garba, ba abin da ya faru sai kumburin ƙafa.

Za su zo bayan ƙaramar Salla in an ba yara hutu, ita da su duka uku, wata guda za su yi. To ku ji da kyau, ku ƙawayena na Wurno da dangina na Rabah da Goronyo. Na san za ku cika gidan ga ku ga matar Magaji, kuma na san za ta girka muku. Duk wadda anka aje ma kwano ta ci gabanta, ta cinye, ta yi santi da ƙarfi yadda za ta ji. Wadda ta san kunyarta ba ta barinta, ta gaishe mu daga zaure ta wuce, ba na jin haushi.

Ɗakin Malam zan sauke su. Tun ranar da anka fitar da shi ban iya taka ƙofar ba, kullum a kulle. Jiya na buɗe na shiga. Buzunsa na nan inda ya bari, da butarsa. Na zamna na gaya mishi na isar da saƙo, sannan na tashi na share.